Karen Ƙasar Sanyi da Karen Ƙasarmu



Yau zancen kare za mu yi. Watakila wani zai ce, "Ashe har kare ya isa dattawa su zauna su yi zancensa?" To, ɗan'uwa, saurara. Makiyayi yana da shi a ruga, manomi yana da shi a bakin gona, mafarauci kuwa ba ya shiga daji sai da shi. Malamanmu sun bayyana cewa an yarda a ajiye kare domin farauta, da tsaron dabbobi, da tsaron shuka. Abin da ka ajiye kuwa, hakkinsa ya hau wuyanka.

Ga dalilin da ya sa na ɗauko zancen. A manyan birane irin su Kaduna da Abuja da Ikko ana sayar da wani farin kare mai tulin gashi, masu sayarwa suna kiransa Eskimo. Dutsin-Ma kuwa ta cika da baƙi tun da aka kafa jami'a cikin 2011, abin da ya shiga birni ba ya daɗewa bai iso mana ba. In ka ga irin wannan kare ya ba ka sha'awa, ya kamata ka san ko wane ne shi kafin ka kwance bakin aljihu.

Asalinsa da Kamanninsa

Karen nan ɗaya ne daga cikin wani babban dangi wanda Jamusawa ke kira Shifits, watau mai tsini. Da alama huɗu za ka gane su. Bakinsu da tsini kamar na dila. Kunnuwansu ƙanana ne, a tsaye. Wutsiyarsu a naɗe ta ke bisa gadon baya. Gashinsu kuma hawa biyu ne: na ciki mai laushi kamar auduga, na waje mai tsawo da kauri.

Duk waɗannan kayan sanyi ne. Yawancin dangin nan sun fito daga ƙasashen arewacin duniya, inda ruwa ke daskarewa ya zama ƙanƙara wata da watanni. Ƙaramin kunne ba ya saurin daskarewa. Gashin ciki yana riƙe ɗumin jiki kamar bargo. In karen ya kwanta, sai ya dunƙule ya rufe hancinsa da wutsiya.

A can ƙasashen aiki su ke yi mai tsanani. Ana ɗaura su jeri-jeri su ja wani irin amalanke marar ƙafa wanda ke sulɓi bisa ƙanƙara. Cikin 1925 ciwon mashaƙo ya faɗa wa yaran wani gari a Alaska mai suna Nom, jirgin ruwa kuwa ba shi da hanya saboda teku ta daskare. Sai mutum 20 da karnuka wajen 150 suka yi ta miƙa wa juna maganin, zango zango, har mil 674, cikin kwana biyar da rabi. Cikin 1911 kuma, da irin karnukan nan ne wani mutumin Norwe mai suna Amunsan ya fara kaiwa ƙarshen duniya na kudu.

Shi farin da a ke kira Eskimo, asalinsa na Jamus ne. Jamusawa suka tafi da kakanninsa Amurka, can aka sake masa suna a zamanin Yaƙin Duniya na Farko, gama a lokacin mutane ba su son jin sunan Jamus.

Halinsa

Kare ne mai kaifin hankali da saurin koyo. Kunnensa ba ya barci, ko ganye ya motsa sai ya yi haushi. Yana riƙe mutanen gidansu da amana, ba ya saurin sakin jiki da baƙo. A Japan akwai wani ɗan dangin nan mai suna Haciko, wanda maigidansa ya rasu cikin 1925, amma bai daina zuwa tashar jirgin ƙasa yana jiransa ba har shi ma ya mutu cikin 1935.

Amma yana da nasa aibi. Yana da taurin kai, in ya ga ba ka tsaya bisa magana ɗaya ba, sai ya bi son ransa. Ba ya jure kaɗaici. In ka ɗaure shi yini guda ba yawo ba aiki, sai ya dami maƙwabta da haushi, ya tone ƙasa, ya tauna takalma. Manyansu kuma suna son bin abin da ke gudu, saboda haka mai kaji da zabi ya yi hattara. Duka ba ya gyara shi, sai dai ya mai da shi matsoraci, matsoracin kare kuwa shi ne mai cizo. Da murya ɗaya a ke horonsa, da ɗan abin taɓawa in ya yi daidai, tun yana ɗan kwikwiyo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan'uwansa na Ƙasar Zafi

To, duba karen ƙauyenku, ko a Karofi ka ke, ko Shema, ko Birchi, ko Rawayau. Za ka ga bakin da tsini, da yawansu kuma kunne a tsaye, wutsiya a lanƙwashe. Bargon nan kaɗai ne babu. A ƙasar Kwango akwai wani karen farauta mai wannan siffa, sunansa Basenji, wanda ba ya haushi sai wani irin guɗa. Masanan karnuka na duniya sun sa shi a rukuni ɗaya da waɗancan na ƙasar sanyi. Namu ya yi kama da shi ƙwarai, sai dai namu yana haushi.

Allah ya yi wa namu riga daidai da ƙasarsa. Gashinsa gajere ne, jikinsa ba nauyi, ƙafafunsa dogaye. Yana bin shanu yini guda, yana korar biri daga gona, yana tayar da zomo, da dare kuma shi ne mai fara sanar da ruga in ɓarawo ya doso. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Haka nan karen ƙasa shi ya san ranar ƙasa.

Ga abin da ya kamata ka riƙe. Kare ba ya zufa kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki ya ke fitar da zafin jikinsa. Cikin bazara, watan Afrilu da Mayu, zafi a ƙasar Katsina ya kan wuce awo 40. Ka ga mai bargo hawa biyu a irin wannan rana, kamar ka sa wa mutum babbar riga uku ne ka ce ya yi noma. In aikin gona ko na kiwo ka ke nufi, ɗauki na gida. In kuwa mai gashin ya riga ya shigo hannunka, to, ka ɗauki nauyi, sai ka sauke shi.

Kiwonsa

Na farko, inuwa da ruwa. Yi masa wuri ƙarƙashin itace ko rumfar kara inda iska ke ratsawa, kada ka sa shi cikin akurkin kwano. Kaskon ruwansa kada ya bushe dare da rana. Kaskon ya zama nasa shi kaɗai, kada ya sa baki a ƙwaryar gida, gama ka san hukuncin wanke abin da kare ya lasa sau bakwai.

Na biyu, yawo. Fita da shi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. In ka taɓa ƙasa da tafin hannu ka ji ta ƙona ka, shi ma za ta ƙona shi. In ka ga yana haki ba tsayawa, harshe ya yi ja wur, yana tangaɗi, zafi ne ya buge shi. Kai shi inuwa, kwara masa ruwa mai sanyi a ciki da ƙafafu, ka yi masa fifita, sa'an nan ka nemi likitan dabbobi.

Na uku, gashi. Taje shi sau biyu ko uku a mako domin mataccen gashin ciki ya fita, iska ta sami hanya. Kada ka aske shi ƙwal, gama rana za ta ƙone fatar. Sa'ad da ka ke tajewa, duba kaska cikin kunne da tsakanin yatsu. Kada ka yi masa wanka da maganin feshin gona, yana kisa.

Na huɗu, abinci. Ragowar tuwo kaɗai ba ta riƙe kare. Haɗa masa da ɗan nama, ko ƙwai, ko dafaffen wake, ko kifin madatsar Zobe wanda aka cire wa ƙaya. Kada ka ba shi albasa, tana lalata masa jini. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Kada kuma ka jefa masa mushe, ko ɗanyar hanta da huhu masu ƙullutun ruwa, gama daga nan ya ke ɗaukar tsutsar da ke komawa jikin mutane ta kashinsa. Ba shi maganin tsutsa duk wata uku.

Haukan Kare

Yanzu mun zo ga babbar magana, wadda ta shafi na gida da na waje baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Cikin kowane goma da aka ciza, wajen huɗu yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ƙwayar cutar tana cikin yawun kare. Ta kan kwanta a jikin mutum wata biyu ko uku, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Ran da ta bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, to, sai dai addu'a.

Amma ana tare ta kafin ta bayyana. Wani masani Bafaranshe, Luwi Fastur, shi ya fara yi wa wani yaro allurarta cikin 1885, yaron kuwa ya rayu. A ƙasarmu, ma'aikatar binciken ciwon dabbobi ta Bom, kusa da Jos, tana yin allurar karnuka. Kai ɗan kwikwiyonka wurin likitan dabbobi in ya cika wata 3, sa'an nan kowace shekara, ka adana takardar shaida. Masana sun ce in an yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. Ka ga ashe aikin gayya ne, gaya wa maƙwabcinka da mai unguwa.

Ga alamun mahaukacin kare: mai sanyin hali ya koma mafaɗaci, yana cizon itace da dutse, muryarsa ta sake, yawu yana dalala. Wani kuwa shiru zai yi, muƙamuƙi a sake. Kada ka ce ƙashi ne ya maƙale masa ka sa hannu a bakinsa.

In kare ya ciji wani, ko ya karce shi, kada a tsaya liƙa gashin karen ko toka bisa ciwon. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. Ran nan, ba gobe ba, a tafi asibiti a Dutsin-Ma ko Kurfi, in ta kama a wuce Katsina, a karɓi allura har a cika adadinta. Karen kuwa, in an san mai shi, a tsare shi kwana 10 a ga halinsa, amma kada jiran nan ya hana fara allura. Ka koya wa yaranka kada su jefi kare, kada su taɓa shi yana cin abinci, in kuwa ya cije su kada su ɓoye don tsoron duka.

To, jama'a, wanda ya iya karatu cikinku ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna, musamman makiyaya da mafarauta. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu da dabbobinmu, amin. Wassalam.