Baje Kolin Fasahar Kirista a Matsayin Diflomasiyya da Hanyar Fahimtar Juna: Shawara ga Garki



Gabatarwa

Abuja ba ta rasa zaman sulhu ba. A watan Maris na 1998 Fafaroma John Paul na Biyu ya gana da shugabannin Musulmi a wannan birni, kuma tun 1999 muke da majalisar tuntuɓar addinai ta NIREC, wadda Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN ke jagoranta tare. Sai dai zama ne na manya. Ɗan kasuwar Garki da ɗalibin sakandare ba su da kujera a wurin. Abin da wannan takarda ke kira gare shi shi ne a shirya baje kolin zane da sassaƙar Kiristocin Nijeriya a zauren da kowa zai iya shiga, domin tarihin wannan fasaha da kansa shaida ne na zaman tare.

Hannun Musulmi a ƙofar coci

A 1947 limaman Katolika na ƙungiyar mishan ta SMA suka buɗe wurin sassaƙa a Oye-Ekiti, ƙarƙashin Fada Kevin Carroll. Burinsu shi ne masassaƙan Yarbawa su ba da labaran Littafi Mai Tsarki da salon da suka gada, maimakon a ci gaba da sayo siffofi daga Turai. An nuna wasu ayyukan wurin a birnin Rum a 1950. Wanda ya fi shahara cikin waɗanda suka yi aiki da Carroll shi ne Lamidi Fakeye na Ila Orangun, Musulmi. Ya sassaƙa ƙofofin coci, ya koyar a jami'ar Ile-Ife, ya kuma rasu a 2009 a kan addininsa.

Ba shi kaɗai ba ne. Yusuf Grillo, Musulmin Legas da ya yi karatun zane a Zariya, ya ƙawata tagogin coci-coci da gilashi mai launi. Abokin karatunsa, Bruce Onobrakpeya, Kirista, ya zana matakai 14 na Hanyar Gicciye don cocin St. Paul da ke Ebute Metta, inda ya sa wa mutanen labarin fuska da tufafin Afirka, ya sa wa masu azabtarwa kayan jami'an mulkin mallaka. An baje ayyukan Onobrakpeya a Atlanta a 2023, sannan a gidan tarihin Smithsonian a Washinton a 2024. Ba'amurke ya gani, alhali yawancin 'yan Arewa ba su taɓa jin labarin ba, ko da yake Zariya ce ta horar da mai zanen.

Damuwar da ya kamata a girmama

Ba za a ɓoye ba, Musulmi da dama na ƙyamar siffar mai rai, musamman wadda aka jingina ga Annabi Isa, alaihis salam, da Nana Maryamu. Wasu ɗariƙun Kirista ma ba sa ajiye siffofi a majami'unsu. Duk wanda ya raina wannan damuwa ya rushe aikin tun kafin a fara. Amma zauren baje koli ba wurin ibada ba ne, kuma mai kallo ya zo ne ya san maƙwabcinsa, ba don ya karɓi aƙidarsa ba. Cibiyar Duniyar Larabawa da ke Faris ta nuna cewa hakan mai yiwuwa ne, lokacin da ta baje kayan tarihin Kiristocin Gabas ta Tsakiya a 2017. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a cikin wannan duhu ne masu hura wutar rikici ke samun mabiya.

Shawarwari

Na farko, a yi baje kolin a Cibiyar Cyprian Ekwensi da ke Area 10 a Garki, ba a harabar coci ba, domin gida ne na gwamnati da kowa ke da haƙƙi a kansa. Na biyu, a rubuta bayanin kowane aiki da Hausa, tare da faɗin wanda ya yi shi da addininsa. Na uku, a keɓe sashe na rubutun Alƙur'ani da zayyanar allo, ga kuma saƙa da adon gini, don baƙo ya zaɓi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Na huɗu, limaman masallatai da na coci su zauna a kwamitin zaɓen ayyukan tun daga farko. Na biyar, ofisoshin jakadanci, musamman na Batikan da Habasha, su taimaka da aron kaya da horar da masu adanawa, amma jagoranci ya zauna a hannun 'yan ƙasa.

Kammalawa

Ƙasar da ke son duniya ta yarda da ita, dole ta fara nuna wa 'ya'yanta abin da iyayensu suka yi tare. Ayyukan suna nan, zauren yana nan. Ina roƙon wannan taro kada ya tashi sai ya naɗa kwamitin da zai ɗauki nauyin aikin.