Mafarki a Lokacin Hidimar Kaka

Gaisuwa ga uwargida da amarya a Bagudo, da Kaoje, da Illo, da Tsamiya, da Lolo, har da danginmu na tsallaken iyaka a Jamhuriyar Benin. Yau zancenmu a kan mafarki ne, da yadda mace za ta saba gane cewa mafarki take yi tun tana cikin barcin.

Kada ki ce wannan zancen marasa aiki ne. Sau nawa aka ɓata zumunci saboda wata ta ga kishiyarta a mafarki tana bin ta da wuƙa? Sau nawa kuɗin adashe suka ƙare a hannun boka? Akwai kuma waɗanda tun ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, suke ganin ruwa na shigo musu ɗaki cikin barci. Malamai sun karantar da mu cewa mafarki iri 3 ne: na bushara daga Allah, da na firgitarwa daga Shaiɗan, da wanda zuciya ke maimaita abin da ta wuni da shi. Kin ga ke nan ba kowane mafarki ba ne saƙo.

Masana barci kuma sun gano a 1953, a Amurka, cewa akwai wani zango na barci da idanu ke motsi da sauri, kuma a nan ne aka fi yin mafarki. Zangon yakan dawo kusan bayan kowane minti 90, yana ƙara tsawo idan asuba ta gabato. A 1975 wani mai bincike a Ingila, Keith Hearne, ya shirya da wani mutum cewa in ya gane yana mafarki ya juya idanunsa hagu da dama. Na'ura ta nuna ya yi hakan, alhali barci yake. To, abin gaskiya ne, kuma ana koyonsa. Amfaninsa, wadda ta gane mafarki take yi, tsoro yakan ragu mata, wani lokaci ma ta sauya akalar mafarkin ko ta farka.

Sai dai abin yana son naci, ga shi kuwa kaka ta yi. Ga turara shinkafa, ga shanya, ga bakace, ga abincin 'yan aikin gona, ga bukukuwa. Dabarar ita ce kada ki ware masa lokaci, ki ɗaura shi a jikin abin da dama kike yi.

Na farko, da kin farka, kada ki zabura. Ki ɗan dakata a kwance ki tuno abin da kika gani, ko da guntu ne. In kina rubutu, boko ko ajami, layi 2 ya isa. In ba kya yi, ki maimaita shi a zuciya. Mummuna dai ba a yawo da shi, sai neman tsari.

Na biyu, duk sanda kika gama alwala ki dubi hannuwanki, ki ƙirga yatsu, ki tambayi kanki da gaske: ido biyu nake ko mafarki? Sau 5 ke nan a rana, ba ki rage komai daga aikinki ba. In ya zame miki jiki, wata rana za ki yi tambayar a cikin mafarki, kuma a can yatsu sukan fito a karkace ko su ƙi ƙirguwa.

Na uku, ki san alamominki. In kogi ne ke yawan zuwa miki tsakar gida, to bayan addu'ar barci ki ƙudurta a ranki: in na ga ruwa a tsakar gida, mafarki ne. Mai goyo da ke tashi shayarwa can ƙarshen dare ta sabunta wannan niyya kafin ta koma, don lokacin ya fi dacewa.

Amma fa kada ki yanke barcinki da gangan saboda wannan. Baligi yana bukatar aƙalla awa 7. Ranar da gajiya ta yi yawa, riƙe tambayar alwala kaɗai. In mako ya wuce ba ki yi ba, ki ɗora daga inda kika tsaya, sannu ba ta hana zuwa. Wadda kuwa firgita ke hana ta barci dare da dare, ta gaya wa maigida a kai ta asibiti.

Allah ya ba mu barci mai daɗi, ya sa albarka a amfanin gona. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.