Labarin Rediyon Tukunya

Yau zan ba ku labarin wani akwatin rediyo da aka ƙera domin talakawa, wanda Turawa suka sa wa suna Saucepan Special, watau rediyon tukunya. Abin ya faru ne a wata ƙasa ta tsakiyar Afirka, wadda a zamanin mulkin Ingilishi a ke kira Rodeshiya ta Arewa, amma tun 1964 sunanta Zambiya.

Tun 1941 akwai gidan rediyo a Lusaka, babban birnin ƙasar. To, amma ina amfanin mai magana in babu mai ji? Rediyon wancan zamani yana da tsada ƙwarai, galibi kuwa sai da lantarki ya ke yi, ga shi ƙauyuka babu lantarki. Sai wani Bature, Harry Franklin, shugaban ma'aikatar watsa labarai, ya tashi neman kamfanin da zai ƙera rediyo mai araha. Ya yi shekara 3 yana fama, 'yan kasuwa suna ƙi, don ba su hango riba ba. Daga baya kamfanin Ever Ready na Ingila ya yarda. Ku riƙe wannan a ranku: sana'ar kamfanin nan ita ce yin batir.

A cikin 1949 kaya suka iso. Da ganin rediyon ka san inda ya samo sunansa, gama jikinsa tukunyar alminiyam ce irin ta dahuwa, an cire mata mariƙi, an kafa ta a kan gefenta, gindinta ya zama fuska. Dabara ce mai kyau, don akwatin katako gara ta kan ci shi, damina kuma ta kumbura shi. Aka toshe kafofinsa da raga don kada ƙwari su shiga su yi gida. Aka shafa masa shuɗin fenti, wai an bincika an ga shuɗi ne launin da babu kabilar da ke camfa shi.

A cikinsa akwai 'yan kwalabe 4, su ne ran rediyon. Kowace kwalba an zuƙe iskar cikinta sarai. A ciki akwai wata siririyar waya, wadda in wutar batir ta ɗumama ta sai ta riƙa fid da waɗansu ƙwayoyin lantarki, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Daura da ita akwai wani faifan ƙarfe mai janyo su. Tsakaninsu kuwa an gitta 'yar raga. Kun ga yadda mai lambu ya kan tsaya bakin rariya, ya buɗe ko ya toshe da ɗan motsin hannu, ruwa mai yawa ya bi umurninsa? Haka ragar nan ta ke. Maganar da ta taso daga nesa ta kan iso a raunane, sai ta taɓa ragar, wuta mai ƙarfi ta kwaikwayi motsinta daidai. Kwalba ta fari ita ke karɓar tashar da ka murɗo, ta biyu ta ƙara mata ƙarfi, ta uku ta tsamo muryar, ta huɗu ta tura ta waje har jama'ar gida su ji.

Gajeren zango kaɗai ya ke kamawa. Dalili kuwa, maganar gajeren zango ta kan hau can sama ta karyo ta sauko nesa, saboda haka tasha guda a Lusaka ta isa ƙasa mai faɗi, har da maƙwabtanta, Rodeshiya ta Kudu da Niyasalan. Aka riƙa magana da harsunan mutanen, kamar Bemba da Nyanja da Tonga da Lozi.

Yanzu sai batun kuɗi. Rediyon fam 5 ne. Batirinsa, wani ƙaton abu mai nauyi da a kan ɗora rediyon a kansa, sule 25 ne, yana yin awa 300. To, mu yi lissafi. In mai gida yana kunnawa awa 3 kowane dare, kwana 100 batir ya mutu. Batir 4 sule 100 ke nan, watau fam 5. Ashe cikin shekara guda da 'yan makonni mutum ya sake biyan kuɗin rediyon ɗungum. Kun ga abin da masu batir suka hango, wanda sauran 'yan kasuwa ba su hango ba. Duk da haka mutane suka saya dubbai, in ɗaya ya saya maƙwabta su taru ƙofar gidansa da dare.

Gwamnati ma da nata nufi, tana so a ji maganarta. Amma da aka haɗa ƙasashen nan uku a 1953, ba da yardar yawancin 'yan ƙasa ba, sai masu sauraro da yawa suka fara zargin muryar da ke fitowa daga tukunyar, har aka riƙa yi wa waɗansu ma'aikatan gidan rediyon ƙazafin su masu shan jinin mutane ne.

Daga baya rediyon taransisto ya shigo, ba shi da kwalba mai bukatar ɗumi, batirin tocila ya ishe shi, kuma yana shiga aljihu. Cikin shekarun 1960 ya kori rediyon tukunya daga kasuwa.