Gidan Daimon: Iyakar Abin da Maƙeri Ke Iya Ƙara wa Dutse



An nemi in yi bayani a kan yadda maƙera ke gina wa daimon gida a zobe ko 'yan kunne domin ya ƙara ƙyalli. Bari in fara da abin da masu shagunan gwal ba su cika faɗa ba: daimon ba shi da hasken kansa, maƙeri kuma ba ya iya zuba masa ko ɗigo. Hasken da ya shiga shi ne yake dawowa.

Idan haske ya shiga daimon, gudunsa yakan ragu zuwa ƙasa da rabi. Ma'aunin karkatar haske a daimon 2.42 ne, na gilashi kuwa wajen 1.5. Saboda haka duk hasken da ya bugi wata fuska daga ciki a karkace, fiye da digiri 24 ko makamancin haka, ba ya samun hanyar fita, sai ya juyo. A kan wannan ne Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu yankan daimon na Antwerp a Beljiyam, ya wallafa lissafinsa a Landan a 1919. Ya nuna cewa idan aka fere ƙasan dutsen a kan digiri 40.75, samansa a kan 34.5, hasken da ya shiga ta sama, ta sama zai fito. Daimon mai zagaye, mai fuskoki 57 ko 58, wanda ya cika kasuwa a yau, a kan wannan tsari yake tafiya. Kun ga ke nan mafi yawan aikin an gama shi tun dutsen bai iso maƙera ba.

To, me ya rage wa maƙeri? A Turai ta ƙarni na 18, lokacin da kyandir ne fitilar dare, yanka bai kai haka ba, haske na zurarewa ta ƙasa. Sai maƙera suka riƙa rufe bayan dutsen ruf, su shimfiɗa siririn fallen azurfa a ƙarƙashinsa ya maido da abin da ya tsere. Ruwa na shiga, fallen ya dushe, dutsen ya mutu. A 1886 kamfanin Tiffany na New York ya fito da zoben da ya ɗaga dutsen sama bisa farata shida. Har gobe masu talla na cewa sirrinsa shi ne haske na shigowa ta ƙasa. A ganina wannan rabin gaskiya ce. Dutsen da aka yanka daidai ba ya jiran haske daga ƙasa. Alherin farata shi ne ƙarfe ya kauce, ido ya ga dutsen ta ko'ina, sannan ruwa da sabulu su kai ga bayansa.

Wannan na ƙarshe shi ne nake so ku riƙe. Daimon na son maiƙo, har ma a mahaƙun Afirka ta Kudu da teburi mai maiƙo aka daɗe ana tsince shi daga tsakuwa: shi ya manne, sauran duwatsu su bi ruwa. Da zarar man shafawa ya taru a bayansa, waccan iyaka ta digiri 24 takan koma wajen 37, haske ya fara zubewa. Ku tuna yawan man da hannuwanmu ke sha a hunturu. Sau da yawa zoben da ake cewa ya tsufa wanka kawai yake bukata.

Launin ƙarfe ma yana da nasa tasiri, domin dutsen na ɗaukar launin abin da ke riƙe da shi. Filatinam sai zafi ya kai digiri 1,768 yake narkewa, shi ya sa bai yaɗu a maƙera ba sai farkon ƙarni na 20, inda gidan Cartier na Paris ya yi suna da shi. Ƙarfinsa ya ba da damar sirirta farata. Dutse fari tas, farin ƙarfe ya dace da shi. Wanda ya ɗan ja rawaya, zinariya ce ke rufa masa asiri.

Sai dabarun ruɗin ido. Akwai jera ƙananan duwatsu a kewaye babba don ya ƙara faɗi, akwai zaunar da ɗan mitsitsi a tsakiyar gogaggen farin ƙarfe, akwai kuma cusa duwatsu bakwai wuri guda su yi kama da ɗaya. Ban kira wannan ha'inci ba, matuƙar an gaya wa mai saye, domin ƙanana bakwai ba su kama ƙafar babba ɗaya mai nauyinsu a kuɗi ba. Shi kuwa gidan da ke zagaye bakin dutsen da ƙarfe, ana yi masa kallon mai kashe ƙyalli, alhali in yankan na da kyau kaɗan yake ragewa, kuma ba ya saƙale mayafi. Ma'aikaciyar jinya ko mai yawan aikin hannu, shi zan zaɓa mata.

Masu haɗa lefe, kada ku yi cinikin biri a sama. Fitilun shago an tsara su ne don kowane dutse ya yi walƙiya. Ku nemi a kai zoben kusa da taga, ku tambayi dutse nawa ne a ciki, ku juya shi ku ga ko buroshi zai iya kai wa bayansa.