Birkin da Ke Karkarwa a Ƙarƙashin Ƙafa

 Mas'alarmu ta yau ita ce na'urar birki da ake kira ABS, wadda galibin motocin da ake shigo mana da su daga Turai suke ɗauke da ita, alhali da yawa daga masu tuƙa su ba su san fa'idarta ba, har wasu suna ɗaukar aikinta lalacewa ce.

Idan direba ya firgita ya danne birki da iyakar ƙarfinsa, ƙafafun mota sukan ƙame su daina juyawa, taya ta shiga jan ƙasa, musamman da damina sa'ad da kwalta ta yi santsi, kuma daga nan ko ya murɗa sitiyari dama ko hagu motar ba za ta bi umarninsa ba, sai ta zarce inda nauyinta ya nufa. Saboda jiragen sama aka fara neman maganin wannan illa, kana a shekarar 1978 kamfanin Bosch na Jamus, tare da Mercedes-Benz, ya fitar da irin na lantarki a motocin sayarwa.

Hikimar kuwa ita ce, a kowace ƙafa akwai zobe mai haƙora da ɗan ma'auni daura da shi, yana lissafin juyawarta yana kai labari ga wata ƙaramar kwamfuta, wadda da zarar ta lura ƙafa guda tana shirin ƙamewa alhali sauran suna gudu, sai ta sassauta matsin man birki a wannan ƙafar, ta sake matsawa, ta sake sassautawa, sau da dama cikin daƙiƙa ɗaya, da saurin da ƙafar ɗan Adam ba ta iyawa.

To, malam direba, nan ne nake roƙonka ka ba ni hankalinka. Lokacin da na'urar ta kama aiki, za ka ji birkin yana karkarwa a tafin ƙafarka, da wata ƙara kamar ana gurza ƙarfe. Don Allah kada ka ɗaga ƙafa, kada kuma ka koma taka-saki irin na tsofaffin motoci. Danne shi sosai, ka riƙe, ka karkata sitiyari ka kauce wa yaro ko dabbar da ta faɗo maka.

Sai dai a kan yashi ko burji motar takan ƙara nisa kafin ta tsaya, kuma babu na'urar da za ta rama wa gogaggiyar taya ko gudun ganganci. Fitilar ABS mai ruwan ɗorawa takan kama idan an tayar da mota, ta mutu nan take. In ta zauna a kunne, birki na nan amma na'urar ta daina aiki, sau da yawa don wayar ma'aunin ta tsinke ko laka ta toshe shi. Wajibi ne bakanike ya gyara, kuma kada ka yarda ya cire ƙwan fitilar ya ce maka an gama.