Tsohon Takobin Japan a Hannun Mai Tara Kayan Tarihi



Wannan lacca za ta yi magana ne a kan tsohon takobin ƙasar Japan, watau yadda mai tara kayan tarihi zai gane darajarsa idan ya faɗo hannunsa, da kuma iyakar gyaran da ya kamata ya yi masa. Maganar tana da tushe. Bayan da Japan ta miƙa wuya a 1945, hukumar mamaya ta umarci jama'a su miƙa makamansu. Aka hallaka takubba masu ɗimbin yawa, sojojin Amurka kuma suka tafi da wasu gida a matsayin tsaraba. A cikin wannan ruɗani ne Tokugawa Iemasa ya kai takobin gadon gidansu, Honjo Masamune, ofishin 'yan sanda na Mejiro a birnin Tokiyo cikin Disamba 1945, kuma har yau ba a sake ganinsa ba. Saboda haka takobin da ya fito daga akwatin wani tsohon soja yana iya zama ƙirar masana'anta ta lokacin yaƙi, yana kuma iya zama aikin da ya shekara 700.

Kafin a kimanta shi, wajibi ne a san yadda aka ƙera shi. Daga yashi mai tama ake narko ƙarfen da suke kira tamahagane. Maƙeri yakan ninka shi, ya buge, ya sake ninkawa sau goma ko fiye, wannan ne kuma yake barin wani zane a jikin ruwan takobin mai kama da na katako, wanda ake kira hada. Daga nan sai a naɗe ƙarfe mai taushi da ƙarfe mai tauri, ciki da fata ke nan. A ƙarshe a shafe shi da yumɓu, kaɗan a bakin kaifi, da kauri a sauran jiki, a gasa shi ya yi ja, a tsoma a ruwa. Bakin ya riga jiki hucewa, sai ya fi shi tauri, iyakar da ke tsakaninsu kuwa ita ce farin layin nan mai suna hamon. Abin lura a nan shi ne fatar nan ba ta da kauri.

To, mai kimantawa ba daga kaifi yake farawa ba. Yakan zare ɗan tsinken gora da ya riƙe mariƙi, ya fito da gindin ƙarfen da ke ɓoye a ciki, watau nakago. Nan ne takobi yake faɗin shekarunsa. Tsatsar da ke wurin, idan ta daɗe, baƙa ce mai santsi, masana kuwa suna karanta launinta, da sawun magagari, da yawan hudar da aka yi, kamar yadda ake karanta takarda. Huda biyu ko uku sau da yawa alama ce an taɓa rage tsawonsa daga gindi, abin da aka yi wa dogayen takubba da dama sa'ad da salon yaƙi ya canza. Kuskuren da ya fi kowane muni shi ne mutum ya ga wannan tsatsa ya ɗauka dauɗa ce, ya sa samfefa ya goge. Wanda ya yi haka, da kyakkyawar niyya ma, ya shafe shaidar da ba ta dawowa, ya kuma zubar da babban kaso na kuɗin abin.

A kan wannan gindi ne maƙeri yake sassaƙa sunansa. Sai dai suna shi kaɗai ba hujja ba ne. An daɗe ana sa sunayen mashahurai a kan aikin wasu, har ya zama sananne cewa yawancin takubban da ke ɗauke da sunan Kotetsu, maƙerin ƙarni na 17, na jabu ne. A ɗaya ɓangaren kuma, akasarin ayyukan da ake danganta wa Masamune ba su da suna ko kaɗan, domin an yanke wurin. Don haka ƙa'idar masana ita ce a fara duba siffa da lanƙwasa, sannan hada da hamon, a yanke hukunci a kan zamani da makarantar ƙira, sa'an nan a ga ko sunan ya dace da aikin. Takubban da aka ƙera kafin wajen 1596 su ake kira koto, na bayansu kuwa shinto.

Aibobi iri-iri ne, ba kuma duka ne suke kashe daraja ba. Amma tsaga da ta ratsa hamon daga bakin kaifi, wadda suke kira hagire, ba ta da magani. Haka nan takobin da ya shiga gobara, hamon ɗinsa ya ɓace.

Yanzu sai batun gyara. Washin takobi a Japan sana'a ce mai zaman kanta, dabam da ƙira, almajiri kuwa yakan yi kimanin shekara 10 kafin a sallame shi. Gidan Hon'ami ya yi ƙarnuka yana wannan aiki tare da rubuta takardun shaida. Gwani yakan bi duwatsu daki-daki, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ya kai ga 'yan ɓarɓashin dutse da ake murzawa da yatsa, aikin kuma yakan ci makonni. Duk da haka kowane washi cin ƙarfe ne. Idan aka yawaita, fatar ta ƙare, cikin ya fara leƙowa dabbare-dabbare, sai su ce takobin ya gaji. Shi ya sa gwanin kirki wani lokaci yakan bar ɗan ramin tsatsa maimakon ya bi shi har ƙasa, yakan ma ce wa mai shi wannan ba ya ɗaukar wani washi. Injin gurza ƙarfe kuwa, ban da cin jiki da ɓata layuka, zafinsa yana iya kashe taurin bakin.

Abin da ya rage wa mai takobi kaɗan ne. Kada ya taɓa ruwan da hannu, don gumi yana haifar da tsatsa. Ya share tsohon mai da takarda mai laushi, ya shafa sabo siriri, irin wanda ake ɗiga wa man kanumfari. Ya ajiye shi cikin farin kuben katako da ake kira shirasaya, wanda ake haɗa shi da danƙon shinkafa don a iya buɗe shi a tsabtace. Idan yana neman tabbaci, sai ya aika da shi ga ƙungiyar NBTHK, wadda aka kafa a 1948 don ceton takubba bayan yaƙi. Alƙalanta sukan duba su ba da takarda bisa mataki huɗu, daga Hozon zuwa Tokubetsu Juyo, kuma ba sa ba da ita ga takobin da suka ga sunansa na jabu ne.