Ƙofofin Fatar Fuska da Yadda Za Mu Kula da Su

 

Yau maganar fuska za mu yi. Mata da yawa suna zuba kuɗi wajen masu haɗin mai, wai a ba su abin da zai rufe 'yan ramukan nan na kan hanci da kumatu. To ku saurare ni da kyau, ramukan nan ba cuta ba ne. Ƙofofin gashi ne, kowacce akwai 'yar jakar maiƙo a ƙarƙashinta. Maiƙon ne yake fitowa ya hana fata bushewa da tsagewa. Girmansu kuwa yawanci gado ne, sai kuma yawan maiƙo, shekaru da dukan rana su ƙara bayyana su. Babu man da zai shafe su. Ruwan zafi ba ya buɗe su, ƙanƙara ba ta kulle su. Abin da ke hannunmu shi ne mu hana su toshewa.

Me yake toshe su? Maiƙo ne yake haɗuwa da matacciyar fata, ga hoda da fandeshon, ga ƙura. Idan bakin ƙofar a buɗe yake, iska ta taɓa abin da ya taru, sai ya yi baƙi. Wannan ɗigon baƙin na kan hanci ba dauɗa ba ce, don haka dirza ba ta fitar da shi. Idan bakin ya rufe, sai ya zama farin ƙurji. Idan ƙwayoyin cuta suka yi yawa a ciki, sai ya kumbura ya yi ruwa.

Ga abin da za ki riƙe, 'yar uwa.

Na farko, ki wanke fuska da sabulu mai laushi sau 2 a rana, safe da dare, da ruwa mai ɗan ɗumi, da tafin hannunki. Ban da soso. Yawan dirza yana fusata fata, ƙurajen su ƙaru. Sabulun salo ma idan yana bar miki fuska a ɗaure kamar ganga, ya yi miki ƙarfi.

Na biyu, kada ki kwana da kwalliya, komai gajiyar biki. Ruwan alwala kaɗai ba ya cire fandeshon, sai an sa sabulu.

Na uku, ki duba abin da ke taɓa fuskarki kullum: rigar filo, bakin hijabi ko niƙabi, soson hoda, har wayarki. A riƙa wanke su ana gogewa. Man kitso mai nauyi idan yana gangarowa goshi, shi ma yana kawo ƙuraje a wurin.

Na huɗu, ki cire hannunki daga fuska. Matsa ƙurji yana tura abin ciki, kuma irin fatarmu tana saurin yin baƙin tabo. Ƙurjin zai tafi cikin kwanaki, tabon ya yi watanni. Lemon tsami da man goge baki su ma ƙona fata suke yi, a bar su.

Idan toshewar ta yi yawa, akwai sabulun ruwa mai sinadarin salisilik asid, wanda ba ya wuce kashi 2 cikin 100. Yana shiga cikin maiƙon ya sassauta shi. Ki nema a kantin magani na ƙwarai, ki duba lambar NAFDAC, ki fara da kaɗan. Sannan ki yi haƙuri, sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin a ga canji. Mai ciki da mai shayarwa, ku tambayi likita tukuna, don akwai magungunan ƙuraje da ke cutar da ɗan tayi.

Yanzu ga inda na fi so ku ji ni. Man haɗin nan da ake ɗurawa a roba babu suna babu lamba, sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, maganin da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Makonnin farko fuska za ta yi haske ta yi sumul, ki ce kin dace. Daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, ƙuraje su feso, wata har gashi ya tsiro mata a haɓa. Ranar da kika daina, fuska ta ɗau zafi da ƙaiƙayi, ki koma ki sake saya. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa, ta je asibiti ta ga likitan fata ya nuna mata yadda za ta rabu da shi a hankali. Ba abin kunya ba ne.

Iyaye, mu sa ido a kan 'yan matanmu. Ƙurajen balaga abu ne da aka saba gani, kada mu bari gorin ƙawaye ya kai su ga mai haɗi. Haka amaren da ake yi wa gyaran jiki: dilka da kurji mai ƙarfi a bar wa jiki, fuska a bi ta a hankali.

Don Allah a tura wa sauran 'yan uwa. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya raya mana zuri'a.